Turaku Babu Hula

Saniya ce ta jawo fitinar, ba kurket ba. Duk wanda ya ce maka wasa ne ya haɗa Annarust da Karolina faɗa a waccan Lahadin, to ƙarshen zance ya tarar.

Lokacin da shinkafa ta fara fid da kai, shanun mutanen Karolina suka ƙetare magudanar ruwan da ta raba ƙauyukan biyu, suka faɗa gonar Sookdeo, mutumin Annarust. Ba karon farko ba ke nan. Ya kai kuka wurin shugaban ƙauye, ya kai wurin 'yan sanda, kowa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri. Ranar da haƙurin ya ƙare, ya fita da adda, ya tarar da wata jar saniya mai ciki a tsakiyar shinkafarsa, ya sare mata agarar ƙafafun baya duka biyu, ya bar ta cikin taɓo tana kuka. Mai saniyar wani dattijo ne, Jaikaran. Da aka kai shi ya ga abin da aka yi wa dukiyarsa, sai ya zauna a bakin gona ya dafe ƙirji, daga nan ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan dattijo kuwa shi ya haifi Tameshwar, wanda ake kira Tamesh, ƙaton mai saran rake da duk gaɓar Corentyne ba wanda ya kai shi zafin jifan ƙwallon kurket.

Sai ga wasan ƙarshe na kofin yanki ya faɗo a kan ƙauyukan nan biyu, a filinmu na Annarust da ke bayan katangar teku. Mai hankali zai ce a ɗage wasan. To amma in ana batun kurket, nemo mai hankali a yankinmu na Berbice aiki ne ja.

Dokar yankinmu ita ce kowane kulob ya zo da alƙalinsa. Na Karolina wani tsohon hedimasta ne, Mista Benn, mutum mai ladabi da iya lafazi, wanda idonsa bai taɓa ganin laifin yaran garinsu ba. Namu kuwa Kawu Rafeek tela ne, kuma gaskiyar magana ba ma jin daɗinsa. Ina amfanin alƙalin gida da ba ya taimakon gida? Mutumin nan ya taɓa ɗaga wa ɗan limamin masallacinsu yatsa, alamar ya fita daga bugu, ana saura gudu ɗaya, wato maki ɗaya, yaron ya cika ɗari, da yamma kuma ya je ya bi uban salla, ko a jikinsa. Muna zaginsa a bayan ido, amma in gardamar wasa ta kaure a shagon giya, da an ce Rafeek ne ya yanke, sai kowa ya koma kan kwalbarsa. Wannan suna shi ne abin da ya mallaka a duniya, sai keken ɗinki da na hawa.

Shi da Sookdeo tare suka tashi. Tare suka saci mangwaron Turawan kamfanin rake, tare suka sha bulala. Ɗaya Musulmi ɗaya Hindu, amma ba a biki a gidan ɗaya ba tare da ka ga ɗayan a bakin tukunya yana ba da umarni ba. Sookdeo ya haura arba'in, furfura ta keto masa, duk da haka shi ne mai bugun da muke taƙama da shi, kuma kansa ya fi turmi tauri.

Karolina suka fara bugu da safe, suka tara abin da suka tara. Da rana ta take iskar teku ta taso kamar kullum, sai dai ta ranar nan da fushi ta zo, har ta hana turaku sa hula. Turaku uku ne a bayan mai bugu, a kansu ana ɗora 'yan guntayen itace biyu da muke kira huluna. In ƙwallo ta doki turke hula ta faɗo, mai bugu ya fita, babu gardama. To iskar nan sai ta riƙa zubar da su ba wanda ya taɓa. A ɗora su faɗo, a ɗora su faɗo. Da alƙalan biyu suka gaji, suka yi abin da doka ta yarda a yi a irin wannan rana, kowa ya zuba hulunan ɓangarensa a aljihu. Daga nan sai abin da alƙali ya ce. In ya ce ƙwallo ta shafi turke, ta shafa, ko da turken bai motsa ba. Ko mutanen Karolina ba su yi musu ba, don Rafeek ne zai tsaya a ɓangaren teku, inda Tamesh ke jifa.

Da namu suka shiga bugu, Tamesh ya share mana mutum huɗu kafin ka ce kwabo. Sai kyaftin ɗinsu ya ba shi hutu, ya ajiye shi a bakin iyaka. A wannan tsakanin Sookdeo ya shigo, ya samu masu jifa a hankali, ya riƙa tura ƙwallo nan da can, gudu yana taruwa. Abokan bugunsa suna zuwa suna fita, shi yana nan. Kafin hutun shan shayi ya dawo da mu cikin wasa. Saura gudu wajen ashirin mu ɗauki kofi, sai dai ban da wanda suke bugu tare, babu wanda ya rage a rumfar 'yan wasa sai ɗan cike gurbi ɗaya da bai san gaban sandar bugu da bayanta ba. Kowa ya san in Sookdeo ya fita, mun fita.

A lokacin hutun, Rafeek ya nufi gindin tsamiya inda Doolarie, matar Sookdeo, ke toya folori, ƙosanmu na nan, tana sayar wa 'yan kallo. Ta ƙunsa masa a takarda ta miƙa, amma ta ƙi sakin takardar.

"Yaya Rafeek, abokinka ba ya gani da idon hagu."

"Kamar yaya ba ya gani?"

"Kamar yadda ka ji. Yanar ido ce, tun bara. Shayi a gefen kofi yake zuba shi. Shekaranjiya gaida ginshiƙin shinge ya yi, wai ya zaci maƙwabcinmu ne. Ya rantse in na faɗa wa wani sai ya mai da ni gidan ubana da tsufana."

"To me ya kawo shi fili?"

"Kai ma ka san shi. Wai kada a ce ya ji tsoron ɗan Jaikaran." Ta waiga, ta rage murya. "Ɗazu yaron ya zo nan, ya saya, ya biya, bai ci ba. Ya dube ni ya ce, 'Inna, ki tanadi farin zanen takaba.'"

Rafeek ya juya ya dubi fili. Mai bugu da dama, kafaɗarsa ta hagu ce ke fuskantar mai jifa, da idon hagu yake fara ganin ƙwallo. Jifan sanyi Sookdeo zai iya lalubarsa da ido ɗaya da tsohuwar dabara, amma ba na Tamesh ba. A wancan zamani kuwa ba a san hular kwano a filin ƙauye ba. Abin da ke tsakanin kan mutum da ƙwallon fata mai taurin dutse shi ne hular yadi da addu'ar uwarsa. Rafeek ya karɓi folorin ya sa a aljihu, ya kasa cin ko ɗaya.

Aka dawo fili. Kyaftin ɗin Karolina ya cilla wa Tamesh ƙwallo. Yaron ya cire hularsa ya ba Rafeek ya riƙe, kamar yadda kowane mai jifa ke yi, ya yi nisa har kusan gindin katangar teku, ya juyo da iska a bayansa.

Ta farko ya doka ta a tsakiyar daɓen da ke tsakanin turakun ɓangarorin biyu, ta taso ta sami Sookdeo a haƙarƙari. Har rumfa an ji ƙarar. Sookdeo ya dunƙule, ya miƙe, ya shafa wurin yana murmushin ƙarfin hali. Mutanen Karolina da ke zaune kan tireloli a wancan gefen suka haɗa baki suka yi masa kukan shanu, "Muuu!"

"Da tsohuwar zuma ake magani!" in ji Balgobin, mai shagon giya kuma shugaban kulob ɗinmu, yana kaɗa kwalba a sama.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana!" wani ya mayar masa daga kan tirela.

Ta biyu ta matse yatsun Sookdeo a jikin sanda. Ya yarfa hannu, jini ya ɓullo ta cikin safar hannunsa. Ta uku ta nufo fuskarsa, ya ɗaga sanda a makare don kare kai, ƙwallon ta daki gefenta ta yi sama a hankali, ta dawo wurin Tamesh kamar an miƙo masa kyauta. Cafe ta kawai zai yi, Sookdeo ya fita, kofi ya zama nasu. Sai ya mai da hannuwansa baya, ya tsaya yana kallo har ta faɗi a gaban takalminsa. Kyaftin ɗinsa ya ɗora hannu a ka yana zage-zage. Tamesh ko kallonsa bai yi ba, ya sunkuya ya ɗauki abarsa.

Da Tamesh ya zo wucewa, Rafeek ya ce, "Tamesh, na ja maka kunne. Wannan ba jifa ba ne, neman rai ne."

"Kawu, riƙe min hula kawai. Shi ne aikinka."

Da jifa shida suka cika aka tashi canja ɓangare, Rafeek ya tafi wurin Mista Benn, don a dokar yankinmu ba a hana mutum jifa sai alƙalai biyu sun yarda.

"Mista Benn, mu tsayar da yaron nan. Kisa zai yi."

Mista Benn ya cire tabarau yana gogewa. "Malam Rafeek, ni dai jifa mai zafi na gani, doka kuwa ba ta hana zafi ba. In tsufa ya kama mutuminku, ga hanyar rumfa can."

"A gabanka ya ƙi cafe ƙwallo."

"Rana ce ta shiga idonsa."

"Ranar da ke bayansa?"

"To iska ce."

Rafeek ya bar shi, ya je wurin Sookdeo, wanda ke tsaye yana tofar da yawu ja.

"Sook, fita ka ɗaure hannun nan. Doka ta yarda, in an jima ka dawo."

"In fita? Don wannan ɗan ƙwarzanen? Kai tela, je ka tsaya inda aka ajiye ka. Ban da almakashi me ka taɓa riƙewa?"

Rafeek ya dube shi a ido. Yanzu da ya san abin da yake nema, ga shi nan ƙuru-ƙuru, ƙwayar idon hagu ta yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Maganar ta zo har bakinsa, ya tuna da Doolarie, ya haɗiye ta. Ya koma wurinsa.

Mai jifan sanyi ya karɓa daga ɗaya ɓangaren, aka yi gudu ɗaya, masu bugu suka canja wuri, Sookdeo ya koma ɓangaren teku. Da Sookdeo ya so, da ya zauna a inda yake, Tamesh ya dawo ya tarar da abokin bugunsa. Ina! A jifan ƙarshe ya tura ƙwallo ya ƙwaci gudu ɗaya da gangan, don ya koma gaban Tamesh. Namu suka yi ta tafi da fito, wawaye, mutum yana tafiya mayanka suna buga masa ganga.

Tamesh ya sake miƙa hula. Ta farko a wannan karon ta fasa wa Sookdeo gira, kuma ta dama, wadda ke saman idon da ya rage masa. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Jini ya sauko ta fuska ya jiƙa farar riga har ciki. Aka kawo ruwa, aka kawo tsumma, ya ɗaure kai da shi, ya ture masu riƙe shi, ya miƙe. Kukan shanu ya cika filin. A gefenmu samari sun fara zaro adduna daga ƙarƙashin benci.

Ta biyu ita ce ta tsinka wa Rafeek zuciya. Ta taso ta bi ta gefen kunnen Sookdeo, ta kaɗa jelar tsumman da ke kansa, ta wuce. Sookdeo bai sunkuya ba, bai kauce ba, bai ko ƙifta ba. Sai da ƙwallon ta shige hannun mai tsaron bayan turaku sannan ya ɗaga sanda, yana kare kansa daga abin da ya riga ya wuce. Jini ya rufe ido ɗaya, yanar ido ta rufe ɗaya. Mutumin da ke tsaye a gaban turaku makaho ne, kuma a duk filin nan mutum uku ne suka sani, shi da matarsa da Rafeek.

Tamesh ya zo wucewa, yana goga ƙwallo a cinyarsa, ya yi magana ba tare da ya juyo ba. "Mai zuwan nan ta agara ce, Kawu, yadda ya yi wa saniyarmu. Ta bayanta ta kai ce."

Ya taho da gudu, ya sake ta ƙasa-ƙasa, saitin idon sawu. Sa'a ce kawai ta sa Sookdeo ya gyara tsayuwa a daidai lokacin. Ƙwallon ta bi ta bayan dugadugansa, ta wuce ta gefen turke. Ba ta taɓa ba. Rafeek ya ga hasken rana a tsakaninsu, tazarar da tafin hannu zai shige.

A kurket alƙali ba ya fitar da mutum sai an tambaye shi. To mai tsaron bayan Karolina wani ɗan surutu ne, Cuthbert, wanda ko kare ne ya ratsa fili sai ya tambayi alƙali ko an fita. Ya cafe ƙwallon, ya ɗaga ta sama yana dariya, don tsokana kawai.

"Yaya dai, alƙali?"

Rafeek ya tsaya cik. Tunda ya fara sa farar rigar nan bai taɓa ɗaga yatsa a kan ƙarya ba, kuma ya san me za ta jawo masa a gaban mutanen garinsa, kofi yana hannunsu. Ya ji tsoro ƙwarai. Ya dubi Tamesh da ya riga ya miƙa hannu a jefo masa ƙwallo. Ya dubi abokinsa yana share jini da gefen hannu, yana lalubar inda zai kafa sanda. Ya ɗaga manuniya sama.

Filin ya yi tsit, sai kukan iska. Dariyar Cuthbert ta maƙale.

Wanda ya fara ihu ba namu ba ne, Tamesh ne. "Ba ta taɓa ba! Wallahi ba ta taɓa ba! Wa ya tambaye ka? Ban gama da shi ba!"

"Ta shafi turke," in ji Rafeek. "Ya fita."

Tamesh ya kwasa da gudu ya ratsa daɓe, ya wuce Sookdeo, ya dunƙula hannu ya sauke a bakin Cuthbert. Haƙora biyu suka faɗo a ƙasa. Ya juya ya cafki turke zai tumɓuke, ya nufi Sookdeo da shi, sai kyaftin ɗinsa ya shaƙo wuyansa ta baya. Kyaftin zai iya janye tambayar, doka ta ba shi dama, amma wa zai mai da kofin da aka sa masa a hannu? Sai da 'yan wasansu biyar suka taru suka kayar da Tamesh, suka danne shi, yana ihu yana cizon ƙasa yana kiran sunan ubansa.

Sookdeo kuwa ya taho a hankali, sanda a hannu, yana bin inda ya ji muryar Rafeek. Hannun Rafeek yana sama har yanzu, kamar ya manta da shi.

"Sauke hannun nan."

"Ka fita, Sook. Je ka rumfa."

"Na ce sauke shi, ɗan banza!"

Bai sauke ba. Sookdeo ya ɗaga sanda da hannu biyu, ya kawo irin bugun da yake aika ƙwallo bayan katangar teku da shi. Ta sami Rafeek tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ƙashin ya ce ƙas, hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Kamar jira ake. Annarust gaba ɗaya ta ɓallo cikin fili, Balgobin a gaba. Shi ya fasa kwalba a kan Rafeek.

"Nawa suka ba ka, munafuki? Nawa?"

"Maci amana! A filinmu, a gaban 'ya'yanmu!"

"Dama na faɗa muku, mai yawan gaskiyar nan ranar da zai sayar da mu sai ya sayar da tsada!"

Rafeek ya faɗi. Suka rufe shi da duka, da ƙafa, da faɗin adda yadda ake yi wa ɓarawon kaji. Wani ya tumɓuke turke ya riƙa loda masa a haƙarƙari. Waɗanda ya ɗinka wa rigar aure, waɗanda ya yi wa 'ya'yansu kayan makaranta, duk suna ciki. Ya dunƙule ya rufe karyayyen hannun da jikinsa, ƙasa da jini suka cika masa baki. Bai ce uffan ba, don abin da zai faɗa ya wanke kansa shi ne abin da ba zai faɗa ba.

Mutanen Karolina suka diro daga tireloli don su ƙwato 'yan wasansu, sai faɗan ya zama na kowa da kowa. Kwalabe da ɓawon kwakwa suna yawo a sama. Aka kifar da allon rubuta gudu a kan masu rubutun. Aka sare tayar tarakta, aka sare kafaɗar direbanta. Wani tsoho da ya shiga rabiya ya fito da kunne a hannu. Mista Benn, mai ladabi da iya lafazi, a cikin magudana aka gan shi, ruwa iya wuya, yana riƙe da tabarau a sama.

Da sun kashe Rafeek a wurin, ba don Doolarie ba. Ta sauke kasko daga wuta da tsumma, mai yana tafasa, ta ratso tsakiyar maza tana ihu, "Ku ba ni hanya, na rantse sai na toya mutum!" Balgobin bai ji ba, ko kuma ya zaci wasa take yi. Ta watsa masa rabin man a ƙafafu. Ihun da ya yi shi ya buɗe da'irar. Ta tsaya a kan Rafeek da sauran man, tana juyawa, maza suna ja da baya.

Mijinta yana nan tsaye, bai gusa ba, sanda na rataye a hannunsa. Ya lalubo, ya durƙusa kusa da kan Rafeek. Jinin girarsa yana ɗiga a kan yagaggiyar farar rigar alƙali. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda Doolarie ce kaɗai ta ji.

"Faɗa min tsakaninka da Allahnka. Ta taɓa?"

Rafeek ya tofar da jini. "Kai ka ga inda ta bi?"

Sookdeo ya juya fuska wajen matarsa, ya dawo da ita kan Rafeek. A nan ya gane komai, kuma ganewar ta fi masa ƙwallon Tamesh zafi.

"Tausayina ka ji?" in ji Sookdeo. "Ni? Da sayar da ni ka yi, Rafeek, wallahi da na yafe maka. Da na ce talauci ne."

"Tashi ka tafi gida, Sook."

"Ka bar ni in mutu a tsaye mana! Wa ya aike ka?"

Doolarie ta ajiye kasko, ta kama hannun mijinta ta ɗaga shi. Ya fizge, ya yi taku biyu ya yi karo da turken da ya rage, ya kusa kifawa. Ta sake kamawa, wannan karon bai fizge ba. Ta ja shi ta tsakiyar masu faɗa, yana tafe yana waigowa yana zagin Rafeek, ya zagi almakashinsa, ya zagi kakanninsa tun daga jirgin da ya kawo su ƙasar nan. Rafeek yana kwance, kunnensa ɗaya a ƙasa, yana sauraron zagin nan yana nisa, har ya tabbata ya fita daga filin da ƙafafunsa, sannan ya yarda ya suma.

Hukumar yanki ta ba Karolina kofin, ta rufe filinmu har kakar wasa biyu. Jaikaran ya mutu kafin girbi, Tamesh ya tafi dajin haƙar zinariya bai dawo ba. Hannun Rafeek ya haɗe a karkace, kuma ba wanda ya ƙara kiransa alƙalanci, ko na wasan yara a bakin titi. Masu kawo ɗinki suka koma wurin wani tela a garin Rose Hall.

Sookdeo ya daɗe a duniya. Ya aurar da 'ya'yansa mata duka, ya ga jikoki, har ya yarda aka kai shi asibiti aka cire masa yanar idon. Amma bai ƙara yi wa Rafeek magana ba, ko gaisuwar mutuwa. In sun haɗu a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen.

Rafeek bai taɓa zuwa ba shi haƙuri ba. Sai dai in zai je masallaci yakan bi ta doguwar hanya, wadda ta ratsa ƙofar gidan Sookdeo. In ya zo daidai shinge ya rage gudun keke, har ya jiyo tsohon a ƙarƙashin gidansa mai dogayen ƙafafu yana yi wa jikoki masifa a kan sun taka masa shanyar shinkafa. Da ya ji muryar sai ya taka kekensa ya wuce.